Ɗakin Doki a Bayan Mota

Kakanninmu da doki da jaki suka shigo wannan ƙasa. Daga Kano da Katsina fatake suka riƙa ratso Borgu zuwa Salaga neman goro, kuma cikin hajar da suke kawowa har da dawaki, abin da sarakunan Dagomba da Gonja ke ƙauna. A kurmi kuwa doki bai cika daɗewa ba, tsando na sa masa sammore ya rame ya mutu, shi ya sa duk wanda ya iso bakin teku da lafiyarsa ake ji da shi. Yau a Kotobabi lamarin ya juye, mu ne muke neman abin da za mu ɗauki doki a ciki.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya san lungunan Nima da Maamobi ya san babu filin kafa turke, balle barga. Dawakin hawan salla a bayan gari suke kwana, ranar idi kuma dole su shigo Ankara. A tako da su a kan kwalta, tsakanin torotoro da 'yan babur da buɗaɗɗun kwatoci, kasada ce da ƙafar dabba da ran yaron da ke jan ta. Motocin shanu na Tulaku da ke Ashaiman kuma don shanu aka yi su, ana cusa su ne su tokare juna. Doki shi kaɗai yake tsayawa, abu kaɗan ke firgita shi, ƙafarsa kuma in ta karye da wuya ta ɗoru. Motar doki ta Turai ta fi ƙarfin aljihun jama'armu. Saboda haka majalisar Maigida ta yanke a sayi ƙaramar Kia ta hannu, a gina mata ɗaki.

Gardamar farko kan lissafi ce. Dattawa suna son ɗakin doki biyu. Dokin ƙasashenmu yakan kai kilo 300 zuwa 400, motar kuwa abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma ƙarfe da katakon ɗakin kansu sai sun cinye kaso mai yawa. Wasu suka ce a ƙara mata sifirin daga Abossey Okai. Ƙarin sifirin yana hana mota durƙusawa, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Ga shi nauyin doki a sama yake, a kan dogayen ƙafafu, yana motsi lokacin da ya ga dama. A littafin majalisa muka rubuta doki ɗaya, aka tashi wasu na gunaguni.

Sai aikin kansa, wanda ya zaunar da mutum biyu da ba su saba zama tare ba, mai walda na Kokompe da tsohon shamakinmu. Mai walda ya san ƙarfe, ya so ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙasa a wuce wurin. Shamaki ya ce masa: "Masta, kofato a kan ƙarfe santsi ne, in fitsari ya zuba kuma sai abin da Allah ya yi." Shi kuma ya amsa: "To Baba, faɗi abin da dokin ke so, ni nawa ƙira." A kan wannan aka tafi har ƙarshe. Aka jera katakon odum mai kauri a kan sandunan ƙarfe, aka bar 'yar tazara don ruwa ya tsiyaye, aka rufe da roba mai kauri da ake ɗagawa a wanke. Mai sayar da katako ya so ya tura mana wawa don arha. Sunan icen ne a bakin Asante, amma Bahaushe na jin sa ya san abin da zai samu.

Mun fi daɗewa a kan ƙofar baya, domin ita ce matakalar da doki zai hau. Bayan Kia yana da tudu, in ƙofar ta yi gajarta hawan ya yi tsaye, doki ya turje. Aka tsawaita ta, aka buga mata 'yan sanduna a gicciye, aka sa mata sifirin don kada ta danne mai saukewa. Rufin ya haura mita 2, saboda doki in ya razana kai yake fara ɗagawa. Aka shafe ciki da farin fenti, tun da ba ya son shiga duhu. Tagogi a sama suke, iska na shiga ba ta bugun ido, bututun hayaƙi kuma aka karkatar da shi gefe. Duk wani bakin ƙarfe an goge shi, sandar ƙirji an naɗe ta da soso da fata. Shamaki ya hana a ɗaure ragama gajere: dokin da bai iya sunkuyar da kai ya fyace ba, a doguwar tafiya irin ta Tamale, wajen kilomita 600, yana iya sauka da zazzaɓi da ciwon huhu.

Takardu ma aiki ne. Motar da aka sauya wa siffa sai an kai ta DVLA an duba, dabba kuma in za ta yi nisa sai da takardar likitan dabbobi.

Da aka gama, ba a tayar da inji ba har kwana bakwai. Aka ajiye motar a bakin barga, ƙofa a sauke, aka riƙa zuba dusa da harawa a ciki. Kwana biyu kilin yana shinshina matakala yana ja da baya. Rana ta uku ya sa ƙafafun gaba. Shamaki ya hana kowa taɓa bulala, ya ce dokin da aka shigar da duka ba ya mantawa. Direba ma an yi masa nasa karatu: a aza masa kofin ruwa cike a gabansa, ya zagaya daga Kotobabi zuwa Kanda ya dawo. Sai a zagaye na huɗu ya dawo da ruwan bai zube ba, sannan aka ba shi doki.