Me Ya Sa Duk Dutse Ne?

A hutun da ya wuce wayar Yaya ta yi sati biyu a hannuna, kuma a cikinta akwai tsohon gem ɗin Pokémon FireRed na 2004. Ga wanda bai taɓa bugawa ba, yawo kake yi kana kama halittu, ka horar da su, su yi maka faɗa. Kowace tana da nau'inta, Wuta ko Ruwa ko Ciyawa ko Dutse da sauransu, kuma kowane nau'i da wanda yake cin sa.

A wani kogo mai suna Mt. Moon ana ajiye maka duwatsu biyu, ragowar halittun da suka mutu tun zamanin da, a ce ka ɗauki ɗaya. Na ɗauki mai siffar katantanwa, na riƙe shi a jaka har tsibirin Cinnabar, inda wani masani ya farfaɗo min da shi. Omanyte ya fito. Kwana uku na yi ina wahala da shi, har ya kai mataki na 40 ya zama Omastar. Na cika baki a gaban ƙanena cewa babu mai kayar da shi. A gaban idon yaron wata halittar Ciyawa ta kwantar da shi da bugu ɗaya. Har yau in na yi masa faɗa sai ya ce, "Ina katantanwar?"

Ashe Omastar Ruwa ne kuma Dutse, Ciyawa kuwa tana cin duka biyun, don haka bugun ya ninka sau huɗu. Abin ya tsaya min a rai. Me ya haɗa halittar teku da dutse? Da na bincika, sai na ga daga 1996 zuwa 2013 duk wanda aka tayar ta wannan hanya yana da Dutse: Kabuto, Lileep mai Ciyawa, Shieldon mai Ƙarfe, har da Amaura mai Ƙanƙara.

Da muka dawo makaranta na yi wa malamin labarin ƙasa tambayar a aji. 'Yan aji suka kwashe da dariya, amma Malam bai yi ba. Ya ce idan laka ta binne ƙashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ratsa shi yana barin ma'adanai a 'yan ƙofofinsa, har a kwana a tashi ya koma dutse. Ya ce a Gadoufaoua, cikin saharar Nijar, an tono irinsu, ciki har da Nigersaurus. Nan na yanke wa kaina hukunci: Omastar ɗina ba da dutse ya rayu a teku ba, a kabari ya kwaso shi. Aerodactyl ne kawai ya ɗan rusa min lissafi, don shi daga daskararren ƙaron itace ake tayar da shi, amma duk da haka Dutse ne.

Malam ya ƙara da cewa masana ma suna kuskure. A Ingila sun taɓa ɗora wa Iguanodon ƙashin babban yatsansa a kan hanci, suna zaton ƙaho ne. Nan take na tuna Sword da Shield na 2019, inda ake liƙa rabin wata halitta da rabin wata. Dracovish kan kifi ne a bisa jelar wata dabbar, kuma cikin su huɗun babu mai Dutse ko ɗaya. Na faɗa wa Malam haka.

Ya dube ni ya ce, "Duk wannan a hutu ka haddace? To, aikin taswirar da na bayar fa?"

Ban yi ba. Ranar ni na share ajin.