Tsakanin Wuya da Cibiya

Sana'ata ɗinki, duk inda za ni tef ɗin awo na cikin jakata. Ranar da muka bar Funtuwa ma yana ciki, ko da yake ba ɗinki ya fitar da ni ba. Ƙanwata na raka Abuja. Bayan shekara shida da aure Allah ya ba ta cikin fari, yana shiga wata na biyar sai ga kumburi a gefen wuya. Aka yanki tsoka aka auna, aka ce sankara ce da ta tsiro can bayan hanci, kuma maganinta gashi.

Kalmar gashin nan ita ta hana gidanmu barci. Inna ta ce ina aka taɓa kai mai juna biyu gaban wuta. Dangin miji suka ce a bari ta sauka lafiya tukuna. Likitan da ya rubuta mana takarda kuwa ya ce ciwon ba zai jira wata huɗu ba.

Muka kwana gidan Kawu a Kaduna, da sassafe muka hau jirgin ƙasa a Rigasa. Hazo ya rufe daji, ba ka ganin komai sai inuwar bishiyoyi. Ƙanwata ta jingina da taga, hannunta a ƙarƙashin hijabi. Sai da muka wuce Jere ta buɗe baki.

"Yaya, idan suka ce in zaɓa fa?"

Na ce mata Allah bai kai mu nan ba tukuna. Ni kaina tambayar da nake ta juyawa ke nan tun daga gida.

A Kubwa muka sauka, wurin wata 'yar ƙanwar Inna. Washegari a asibiti, bayan likitan sankara da likitar mata sun gama nasu, aka haɗa mu da wani saurayi masanin fiziks, wanda aikinsa lissafin hasken da injin gashi ke fitarwa. Ya ciro tef irin nawa sak, ya miƙa wa nas, ta auna daga ƙasan wuya zuwa saman mahaifa, wanda a mako na 20 yake daidai cibiya. Ya rubuta. Na ce masa, "Malam, ai wannan aikina ne." Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, ke za ki fi kowa ganewa."

Ya zana mana a takarda. Wuyanta zai sha haske gire 70 cikin mako bakwai, wato miligire 70,000. Abin da ake so kada ya kai ga jariri shi ne miligire 100. Hukumar duniya mai kula da kariya daga irin wannan haske ta bayyana tun shekarar 2000 cewa ƙasa da haka ba dalilin zubar da ciki ba ne. Ya ce mun taki sa'a biyu. Ta wuce mako na 8 zuwa na 15, lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta fi rauni, sannan ciwon yana nesa da ciki. Da a bakin mahaifa yake, babu abin da zai tare. Da a nono ne, sau da yawa tiyata ake yi, a ɗage gashin sai bayan haihuwa.

Ba a saita hasken kan ciki, amma yakan ɓalle ta hanya uku: wani ya yoyo daga kan injin, wani ya fantsama daga ƙofar da yake fitowa, wani kuma ya watsu ta cikin jikin mai jinyar. Biyun farko dalma na tare su. Na ukun ba shi da magani sai nisa. Na tambaye shi rigar dalmar da ake sa wa mutane a ɗakin hoto, ya ce a nan kamar tare ruwan sama ne da gyale. Sai ya nuna mana wata gada: tebur na ƙarfe mai taya, an jera masa tubalan dalma masu kaurin santimita biyar zuwa bakwai, ana turo shi ya rufe ciki ba tare da ya taɓa shi ba. Kafin ta kwanta, sai da suka kwantar da mutum-mutumin roba, suka kunna injin, suka auna abin da ya isa saman mahaifa da cibiya da mara. Lissafi ya fito ƙasa da iyakar.

Daga nan rayuwa ta zama zirga-zirga, Litinin zuwa Juma'a, Kubwa zuwa asibiti. A ɗaure mata fuska da marufin roba mai raga, a turo gada, kowa ya fita, ni in zauna a waje da carbi. A mako na uku bakinta ya yi gyambo, miyau ya ƙafe, sai kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa take iya haɗiyewa. Duk Litinin a sake awo, domin mahaifa na hawa kusan santimita guda a mako, nisan da muke taƙama da shi yana raguwa. Da dare takan ce, "Yaya, ɗauko naki mu gani." In auna, mu kwatanta da nasu. Ban taɓa awon da hannuna ya yi rawa ba sai wannan.

Ranar gashi na 35 ta fito wuyanta ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ta rame, amma cikin na motsi. Likitar mata ta ce kada a yi gaggawar ciro shi, domin haihuwar bakwaini ta fi illa ga irin waɗannan yara.

Muka koma ta Rigasa, hazo ya wuce, zafi ya fara. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ta haifi mace. Har yanzu tana zuwa Abuja a duba wuyan, ba mu ce an gama ba. Rigar suna kuwa ni na ɗinka, da tef ɗin nan na auna ta.