Gora a Ruwan Hunturu

Idan iskar shamal ta kaɗa a Doha cikin Janairu, daga ɗakina a Al Muntazah hankalina kan koma madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Can ma hunturu ake. Tun asuba masunci zai kifa cikinsa kan gora, ƙafafu cikin ruwa, homa a hannu. Sanyi kan sa karfasa ta yi ƙasa, ta rage kiwo, sai jira ya yi tsawo, kamu kuwa kaɗan.

A Amurka ma masu kamun kifin tirawut kan zauna cikin robar da aka hura, har ruwa ya fara ƙanƙara, yawanci don sha'awa. Namu cefanen gida yake nema. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana yi wa kifinsa tayin wulaƙanci.