Lalo a fadamun Ƙetare

Wanda ya tashi a birnin Kano kamar ni, lalo a wurinsa garin miya ne da ake aunowa a kasuwar Rimi, ba a tuna shi sai ranar da kuka ta gunduri mutanen gida. Sai da biki ya kai ni Ƙetare, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina, ana tsakiyar damina, na gan shi tsaye da ƙafarsa.

Da na ce zan je, kowa a gida sai da ya yi mini kashedi. Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300, mutumin nesa ba ya jin sunan yankin, har Faskari da Sabuwa, sai gabansa ya faɗi. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. Mai masaukina ya ce akwai gonakin da ya daina zuwa don nisansu, ya koma lallaɓa 'yar fadamar da ke bakin gari. A nan lalon yake, tsakanin masara da kuɓewa, wani shuka shi aka yi, wani kuwa shi ya fito da kansa. Tsiro ne mai son laima, ganyensa da tsaga-tsaga a baki, a gindin kowane ganye akwai wasu 'yan gashi biyu da suka lanƙwaso baya. Da su ake gane shi. Sati biyar ko shida bayan shuka an fara yanka, kuma yana sake tohowa.

Irinsa yana da taurin kai. Idan aka watsa shi haka nan, rabi ba ya fitowa. Sai an ƙulle shi a tsumma, a tsoma a ruwan zafi a cire nan take, a shanya, sannan a shuka.

Girkin na gani a hannun mahaifiyar mai masaukina. Ta tsince ganyen ɗaya-ɗaya, ta wanke, ta yanka ƙanana. Ruwa na tafasa da daddawa da barkono da ɗan busasshen kifi, ta ɗiga jiƙon kanwa, ta zuba ganyen, ta sa maburgi. Na kai hannu zan rufe mata tukunya sai ta tare ni.

"A'a, ɗan nan, bar ta a buɗe. Ka rufe ta, sai ta yi bori ta zube, yauƙin kuma ya mutu."

"To Inna, kanwar fa?"

"Ita ke sa ya yi kore ya nuna da wuri. Amma 'yar kaɗan, ba irin ta matan birni ba."

Na haɗiye wannan baƙar maganar tare da tuwon masara, kuma ban yi nadama ba. Ɗanyen lalo da na gari ba su haɗa hanya ba, ko a ƙamshi ko a santsi.

Batun magani, Inna ba ta yi mini dogon lissafi ba. Ta ce wanda cikinsa ya ɗaure, ko mai fama da basir, a ba shi miyar lalo kwana biyu a ga aiki. Mai jego da wanda ya tashi daga jinya su ma ana yi musu. Wannan ya yi daidai da abin da masana abinci suka tabbatar game da ganyen, wanda suke kira Corchorus olitorius: yauƙinsa na tausasa bayan gida, kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da kalsiyam, da bitamin A da C. Sai dai kanwa mai yawa da doguwar dahuwa na kashe wasu daga cikin bitamin ɗin, don haka a nan ma tsohuwar ce da gaskiya. Ni dai na fi yarda da maganarta da ta masu lasifika a tasha, waɗanda ganye ɗaya ke warkar musu da cuta arba'in. Lalo abinci ne mai gyara jiki. Zazzaɓin cizon sauro ko naƙudar da ta yi tsawo, maganinsu asibiti.

Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda muka raina shi. Yarabawa na kiransa ewedu, ba sa jin kunyar kai shi gaban baƙo da amala. A Masar mulukiyya ce, miyar alfahari, wadda ta kai har Halifa Al-Hakim ya haramta cin ta wajen shekarar 1005, mutane kuma ba su daina ba. A Indiya da Bangaladash barinsa suke ya yi tsawo, su jiƙa karan a ruwa su sale zaren, su saƙa buhun algarara, irin wanda aka riƙa zuba gyaɗa aka gina dalar Kano. Mu kuwa mun bar shi a matsayin miyar marar hali.

Abu ɗaya ne ban ji kowa ya ambata a Ƙetare ba, na kuma ga yara na wasa da busassun kwanson lalo kusa da turken awaki. Ƙwayar irin na da guba mai taɓa zuciya, har an taɓa samun shanu sun mutu a Japan a 1996 bayan an ba su reshen da ya yi 'ya'ya. Ganyen lafiya lau ne. Amma mai ajiye iri don baɗi ya rataye shi sama, inda yaro da dabba ba za su kai ba, kuma kada a zuba wa awaki karan da ya riga ya yi kwanso.