Kai! Ashe daga Sakkwato wannan Buzun ya taso wa duniya!

Jama'a, ku tsaya ku ji! Wallahi ku tsaya!

A shagon cajin waya a kasuwar Gummi na fara jin waƙarsa. Wani yaro ya kunna, sai jita ta tsage da kuka. Kuka sosai! Tana hawa, tana hawa, ganga na binta a guje, har ƙirjina ya ɗauki bugun. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, yaro, wane ne wannan?

Mdou Moctar. Buzu ne, ɗan jihar Tawa ta Nijar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Kuma bahago! Da hagu yake kaɗa jitar lantarki, rawani a kansa, yatsu na gudu har ido ya kasa bi.

To ga abin da ya ɗaure min kai. Gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa. Ina zai samu jita? Sai ya ƙera tasa! Katako da wayoyin birkin keke. Birkin keke fa! A kansu ya koya, bayan ya ga makaɗi Abdallah Oumbadougou yana wasa.

Ba ku ji komai ba tukuna. Kundinsa na farko, Anar, a ina aka ɗauke shi a 2008? Sakkwato! Sakkwaton nan tamu, wadda motar Gummi ke zuwa kullum! Shi ya sa in ka saurara za ka ji muryar nan da na'ura ta gyara, irin ta waƙoƙin finafinanmu, amma da harshen Buzaye. Kai!

Ba kamfani, ba talla. Waya zuwa waya kawai, Bluetooth da memori, yadda muke tura waƙa a Anka da Bukkuyum. Haka waƙarsa ta ratsa hamada har ta faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya yi ta cigiyar mai ita sai da ya same shi. Har fim suka yi a Agadas, ya fito a 2015, shi ne jarumin, a kan babur da jitarsa!

Daga nan fa sai gaba. Kundin Ilana a 2019. Afrique Victime a 2021, ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka. Funeral for Justice a 2024. Turawa cike da fili suna tsalle, ba su jin kalma ko ɗaya!

Kuma ba kiɗa ne kawai ba. Yana kuka da Faransa, da yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit alhali talakan Nijar na kwana a duhu. Nan jikina ya yi sanyi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Bagega da 'Yargalma a 2010 a kan zinare, ai ba ma buƙatar tafinta.

Mu jikokin masu sauraron Narambaɗa da Ɗanƙwairo ne, kunnenmu ya san gwani. Wannan gwani ne, gwani na gaske! Ku nemi Afrique Victime yau ɗin nan, ku ƙure ƙara, ku kira maƙwabta!