Gumakan Da 'Ya'yanmu Ke Ƙirƙira A Labaransu



Duk mai leƙa zaurukan karatu na WhatsApp da Facebook a 'yan shekarun nan ya ga yadda matasanmu na Kafanchan suka duƙufa wajen rubuta labaran yaƙi da tsafi. Sun taso suna karanta littattafan Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ire-irensa, sun sha kallon fina-finan Indiya da na Amurka, yanzu kuma sun ɗauki waya suna gina tasu duniyar: birane masu ganuwa bakwai, jarumai masu takubban sihiri, da sarakunan da kowanne ke da gunkin da yake yi wa yanka. Batun wannan gunki ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin mu iyaye da yayye muna karantawa, muna jin daɗi, amma akwai abu biyu da ke mana kai-kawo a zuci.

Na farko shi ne aƙida. Wasu daga cikinmu da zarar sun ga yaro ya ƙirƙiro abin bauta ya raɗa masa suna, sai gabansu ya faɗi. Fatawa ta malamai ce, kuma duk mai shakka ya je ya tambaye su. Sai dai mu tuna cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci Lata da Uzza da Manata, ya kuma ambaci gumaka biyar na mutanen Annabi Nuhu da sunayensu. Littafin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci shi ya adana mana labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dutsen Dala. Ba da labarin masu bautar gunki tsohon abu ne a wurinmu. Abin da muke roƙo kawai shi ne a kula da kalma: a ce gunki, ko iska, ko abin bauta, a bar sunan Allah da na annabawa inda suke.

Na biyu ya fi damun mu, domin ya shafi zamanmu a nan. Marubucin da ya ji ƙyuyar ƙirƙira yakan miƙa hannu ya ɗauko abin da ke kusa. Abin da ke kusa da mu kuwa shi ne maƙwabtanmu: Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Kaninkon. Sai ka ga mugun sarkin labari yana zaune a kan dutse, mutanensa suna shan burkutu, sunayensu irin na ƙauyukan da ke kewaye da mu, abin bautarsu kuma dodo ne mai cin mutane. Mai rubutun zai ce ai labari ne kawai. Amma abin da mu Hausawa muka saba kira dodo a wannan yanki, Atyap suna ce masa Abwoi, Bajju suna cewa Abvoi, kuma a wurin kakanninsu tsari ne da ya riƙe doka da tarbiyya da girmama magabata. Yawancin jikokinsu Kirista ne a yau, amma babu wanda zai ji daɗi a mai da kakansa dodon tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

An taɓa yin irin wannan a ƙasar nan tamu. Wani Bature mai suna Tremearne ya yi aikin mulki a Jama'an Daroro wajen 1908 zuwa 1909. A nan ya tattara yawancin tatsuniyoyin da ya buga a littafinsa na al'adun Hausawa a 1913. Shi ne kuma a 1912 ya fitar da littafi a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu, ya sa masa sunan da ke nufin masu jela mafarautan kawuna. Mutanen Ingila sun saya sun karanta don nishaɗi, mutanen da aka yi wa laƙabin kuma suka zauna da tabon. Bai kamata ɗanmu ya zo bayan shekara ɗari da ɗoriya ya maimaita wannan da Hausa ba.

Kuma mu ba a ba mu labarin abin da magana kan addini ke jawowa. A watan Maris na 1987 saɓani kan wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama wutar da ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Mun sake ganin tashin hankali a 1999 da 2011. Labarin da aka tura zaure ɗaya da daddare, kafin gari ya waye ya shiga waya ɗari, kuma maƙwabtanmu suna jin Hausa kamar yadda muke ji, da ita da yawansu suke waƙa a coci. Magana zarar bunu ce.

To ina mafita? Ba mu ce a daina rubutu ba. Mun ce idan za a ƙirƙira, a ƙirƙira da gaske, kuma akwai wuraren koyon yadda ake yi.

A dubi yadda masu bori suka tsara birnin Jangare. Akwai Sarkin Aljan Sulemanu da fadarsa, akwai Malam Alhaji tsoho mai tari da carbi, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya, akwai Kuturu, akwai Sarkin Rafi, akwai Inna Bafulatana. Duk wanda ya san garin Hausa zai ga garin Hausa ne aka zana: sarauta da malanta da fatauci da kiwo, da auratayya da gaba a tsakanin gidaje. Bori yana da masu shi har yau, don haka ba sunayen za a kwasa ba. Darasin shi ne kowane abin bauta yana da dangi, yana da sana'a, yana da abin da yake so da abin da ke ɓata masa rai, kuma kamannin mutanen da suka yi shi yake ɗauka.

A dubi Nok kuma, wadda ke nan ƙasar Ham. Masu haƙar kuza ne suka fara tono sassaƙen yumɓu a can a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu da aka samo a ƙasar Jama'a, wanda wani akawun ma'adinai ya kafa a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi. Binciken da masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma mutanenta manoman gero ne. Ba su bar rubutu ba, saboda haka waɗannan fuskoki masu idanu kusurwa uku da kitso iri-iri sun iso gare mu ba suna. Yaron da ya zauna ya ƙura wa hotunansu ido zai sami siffofin da ba na Indiya ba, ba na Girka ba, na ƙasar da yake takawa.

Sannan ya tambayi kansa: mutanen duniyata me suke ci, me suke tsoro? Mu ɗauki manoman citta. Mutum ya binne dukiyarsa a ƙasa farkon damina, ba zai san abin da ya samu ba sai ya tona bayan watanni. A 2023 mun ga yadda cuta ta ruɓar da citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gidaje suka shiga bashi. Mutanen labari masu irin wannan rayuwa za su iya ƙirƙiro wata makauniyar tsohuwa a ƙarƙashin ƙasa, mai karɓar ajiya, wadda wani lokaci take mayarwa ninki goma, wani lokaci ta ce ba a ba ta komai ba. Ko mu ɗauki garinmu, wanda mahaɗar layin dogo ta 1927 ta cika shi da baƙi daga ko'ina. Birnin baƙi zai iya samun gunkin mararraba marar ɗaki, wanda duk ya roƙe shi hanya zai ba shi, ladansa kuwa ya mantar da shi hanyar gida. Waɗannan ba na kowa ba ne, ba su zagi kakan kowa ba, kuma sun fi dodo mai jan ido ban tsoro.

Tolkien na Ingila, mai labarin zoben nan da aka yi fim, Kirista ne ɗan Katolika mai riƙo da addininsa. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana gina duniyarsa da harsunanta da manyan halittunta, har littafin asalinta bai fito ba sai 1977, bayan rasuwarsa. Ba mu ce yaranmu su yi shekara hamsin ba, amma su san aikin yana son haƙuri.

Shawararmu ta ƙarshe mai sauƙi ce. Kafin a tura labari zaure, a ba abokin makaranta Bajju ko Ham ko Atyap ya karanta. Idan ya kai ƙarshe ya ce ina ci gaban, an yi aiki. Idan ya yi shiru ya miƙo wayar, a koma a gyara. Mu kuma manya mu riƙa karantawa kafin mu yi faɗa, domin yaron da ke rubutu da daddare ya fi mana wanda ke yawo da daddare.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya zaunar da Kafanchan da kewayenta lafiya. Amin.