Hedifon ɗinka na yankewa a laftof? Kar ka sayi sabo tukuna

1/ Masu hedifon na Bluetooth da sauti ke yi wa tsalle-tsalle a laftof, ku matso kusa. Kafin ku zagi mai shago ko ku miƙa wa mai gyara kuɗin cefanenku, ga abin da na gano bayan mako biyu ina fama. Zare ne, kuma da ɗan tsawo 🧵

2/ Firojet ɗina na aji huɗu hira ce da tsofaffin mata masu saƙa. Na naɗi muryoyinsu, yanzu sai in saurara in rubuta kalma bayan kalma. Muryar tsohuwa can ƙasa take. Sauti ya ɗauke na rabin daƙiƙa, "ba na so" ta koma "na so". Kun ga ai na yi wa baiwar Allah ƙarya a takarda mai ɗauke da sunana.

3/ Sifika ba ta cikin lissafi: mu shida ne a ɗaki, kuma na yi wa matan alkawarin ba mai jin hirarsu sai ni da malamina. Ramin iyafis na laftof ɗin kuwa ya mutu tun kafin ya zo hannuna.

4/ Gwajin farko, kuma kowa ya fara da shi: na haɗa hedifon ɗin da waya. Awa guda cur, ko tari bai yi ba. Toh, ashe lafiyarsa ƙalau. Mai gyara ya juya laftof ɗin sau biyu ya ce, "Hajiya, sai an canza kati." Na ce, "Malam, bari in yi shawara." Shawarar ke nan har yau 😅

5/ Sai na fara rubuta lokacin da yake yankewa. Bayan sallar asuba, sumul. Daga ƙarfe tara na dare, kamar rediyo a cikin hadari. Me ke faruwa ƙarfe tara a hostel? Kowa ta dawo, kowa ta kunna hotsfot.

6/ Bluetooth da mafi yawan Wi-Fi na hotsfot layi ɗaya suke bi, wato 2.4 GHz. Bluetooth ya raba layin gida 79, yana tsalle tsakaninsu sau 1,600 a daƙiƙa don kauce wa cunkoso. Dabara ce mai kyau, amma in titi ya cika, ko ɗan acaɓa sai ya taka birki. Ƙari a kan haka, a laftof da yawa kati ɗaya ne ke ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, har eriya suke rabawa. Kina sauke fim, kina jin sauti, su biyun suna ƙofa ɗaya.

7/ Ba ni da ikon hana 'yan ɗakinmu data, wallahi ko gwadawa ban yi ba. Nawa na gyara: na mayar da hotsfot ɗina 5 GHz a saitin waya. In wayarka ko laftof ɗinka ba su da shi, haɗa su da kebul ka ja intanet ta nan, ka kashe Wi-Fi gaba ɗaya. Yankewar ta ragu sosai, amma ba ta tafi ba.

8/ Babban ɓarawon yana gefen hannuna ashe. Muryoyin suna kan hadis ɗin da nake soka wa a ramin USB 3.0, mai shuɗin cikin nan. USB 3.0 in yana aiki yana fitar da hayaniyar da ke faɗawa daidai 2.4 GHz. Ba zancen majalisa ba ne, Intel da kansu sun fitar da takarda a kan haka a 2012. Kebul mai arha wanda ba a lulluɓe shi da kyau ba ya fi yin ɓarna, nawa kuwa na kan tebur ne a bakin titi.

9/ Na kwafe fayilolin zuwa cikin laftof, na zare hadis ɗin. Shiru. Na sake soka shi, na buɗe fayil daga ciki, sai ga tsallen ya dawo. Sau uku na maimaita don kar in yi murnar banza. Kai, har ƙawata ta ɗaga kai daga gado ta ce, "Ke, lafiya kike dariya ke kaɗai?"

10/ Sai na ranar da aka ɗauke wuta. Laftof na komawa batir, Windows ta fara tsimi, har da Bluetooth. Shiga Device Manager, buɗe Bluetooth, danna sunan katin sau biyu, je Power Management, cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi don adana caji. A wasu laftof ba za ku ga wannan shafin ba, sai dai ku kashe Battery Saver.

11/ In hedifon ɗinka na iya riƙe na'ura biyu lokaci ɗaya, lura. Saƙo ɗaya ya shigo WhatsApp, sai ya juya ga waya ya bar laftof. Gurup ɗin ajinmu kaɗai ya isa ya hana mutum jin jimla guda. Kashe Bluetooth na wayar.

12/ Wani abin kuma ba yankewa ba ne, ko da yake da ita ake kama shi. Ka shiga Zoom ko Meet, sai murya ta koma kamar daga cikin rijiya. Da zarar makirufon hedifon ya buɗe, Bluetooth na sauka daga tsarin kiɗa zuwa tsarin kiran waya, mai ƙarancin inganci. Zaɓi makirufon laftof a saitin manhajar, ka bar wa hedifon aikin ji kawai.

13/ Masu kwanciya su ɗora laftof a ƙasa su juya masa baya: jikin mutum yawancinsa ruwa ne, ruwa kuma na shanye wannan siginar. Mita 10 ɗin da ake faɗa, a fili ne ba shamaki.

14/ Duk da haka, ranar intabiyu ko jarrabawa ta intanet ba zan dogara da Bluetooth ba. Akwai ɗan abin nan da ake soka wa a USB ya ba ka ramin iyafis, masu kayan waya na sayar da shi, bai kai kuɗin sabon hedifon ko kusa ba. Na sayi ɗaya na ɗaure shi da kyauro a jikin caja, don ƙananan kaya a ɗakinmu ƙafa gare su.